Babi na Shida: Taswirar da ta San Bagega

Duk wanda ya shiga shago a Kano ko Sakkwato ko Gusau yana neman na'urar nuna hanya ta mota, abin da mai shago zai fara nuna masa shi ne faɗin gilashinta, da kyawun launi, da kyamarar baya, da muryar da ke cewa a yi dama ko a yi hagu. Babu laifi a cikin waɗannan, kuma mai shago sana'arsa yake yi. Sai dai ga mutumin da aiki ko fatauci ko zumunci zai riƙa kai shi yammacin Zamfara, wato yankin Anka da Gummi da Bukkuyum, duk waɗannan ado ne. Tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce: shin taswirar da ke cikin wannan na'ura ta san garin Bagega da ke wannan yanki? In ta san ta, ta san hanyar da ake bi a isa, ko kuwa suna kawai aka ɗiga a tsakiyar fili? Hujjar wannan babi ke nan: a irin wannan yanki, taswira ake saye, ƙarfen da ke ɗauke da ita kuwa mazubi ne, kuma taswirar da ta fi amfani ita ce wadda ke aiki ba sabis, take kuma karɓar gyara daga mutanen da ke bin hanyar.

Dole a raba abubuwa biyu da ke cikin na'urar, domin yawancin ruɗanin daga haɗa su yake tasowa. Na farko shi ne ɓangaren da ke sauraron taurarin ɗan'adam. Tsarin GPS na Amurka yana da taurari aƙalla 24 da ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,000 daga ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da matsayinsa. Idan na'ura ta ji huɗu daga cikinsu, za ta lissafa inda take. Tun watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon da farar hula ke samu da gangan, kuskuren ya sauko zuwa 'yan mitoci. Yanzu kuma akwai GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na China, kuma na'urori da yawa suna sauraronsu a tare. Wannan saƙo kyauta ne, ba ya buƙatar layin waya ko data, kuma yadda yake sauka a Landan haka yake sauka a ƙauyen Dareta da ke Zamfara. Ta wannan fuska babu wanda aka bari a baya. Na biyu shi ne taswira, wato tarin bayanan da ke cewa wannan layi kwalta ce, wancan burji ne, nan gada ce, can gari ne mai suna kaza. Taurari ba sa aiko da wannan. Mutane ne ke tattara shi, da kuɗi da ƙafa da lokaci, kuma a nan ne bambancin Landan da Dareta yake. Shi ya sa direba zai ga kibiyar da ke wakiltar motarsa tana tafiya daidai, amma a kan fili fetal, babu layi babu suna. Na'urar ta san inda take a doron ƙasa sarai, abin da ke kewaye da ita ne ba wanda ya gaya mata.

Dalilin wannan giɓi ba ɓoyayye ba ne. Manyan kamfanonin da ke sayar wa masu ƙera motoci taswira, irin su HERE da TomTom, suna zuba jarinsu ne inda ake sayen sababbin motoci. Google kuwa, baya ga hotunan sama da motocinsa masu kyamara, yana ƙaruwa sosai da sawun wayoyin jama'a da gyare-gyaren da masu amfani ke turawa. Inda manyan wayoyi masu data suke kai-komo dare da rana, taswira tana cika da kanta. Inda mafi yawan matafiya ke bisa babur da ƙaramar waya a aljihu, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa, sawun da ake samu kaɗan ne. Ga kuma motocin da muke hawa. Akasarinsu na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, kuma wadda ta zo da na'ura a jikinta ta zo ne da taswirar ƙasar da aka fara sayar da ita, Amurka ko Jamus ko Japan. Dillali zai ƙara kuɗi saboda ita, alhali a hanyar Mayanchi zuwa Anka ba abin da za ta tsinana. Sau da yawa ma babu taswirar Najeriya da za ta hau wannan samfuri ko da mutum ya yarda ya biya.

Wani zai ce ai ƙauyukan da taswira ta tsallake ƙanana ne, ba su da wani muhimmanci ga mai mota. Tarihin wannan yanki na kusa-kusa ya ƙaryata haka. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinari da ake kawowa cikin gari, har cikin gidaje, ana niƙawa, ƙura tana bin tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Sunayen da suka cika rahotannin duniya a lokacin su ne Dareta, Abare, 'Yargalma, Tungar Daji, Tungar Guru, Sunke, Duza, sai Bagega, wadda ta fi su girma kuma ita ce ta ƙarshe da aka share. Ba a iya fara ba yaro magani sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidansu an zuba sabuwa, in ba haka ba zai koma cikin gubar da aka cire masa. Don haka yara kusan 1,500 a Bagega suka zauna jira har farkon 2013, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi, ciki har da gangamin ceton Bagega da Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka jagoranta. Duk wannan aiki a kan taya aka yi shi: motocin kwasar ƙasa, motocin likitoci, motocin da ke ɗauko yara zuwa asibitin Anka, a kan hanyoyin da damina ke yankewa. Garin da kamfanin taswira bai ga riba a cikinsa ba, shi ne garin da motar ɗaukar marasa lafiya ta fi buƙatar samu ba tare da ɓata sa'a guda ba.

Yaƙi da cutar shan-inna ya ba da irin wannan darasi ta wata fuskar. Shekaru ana tura masu rigakafi da taswirar da aka zana da hannu, ana kuma mamakin yadda ake ta samun yaran da ba a ɗiga wa magani ba. Daga wajen 2012 aka fara zana taswirar jihohin Arewa daga hotunan tauraron ɗan'adam, ana bin rugage da tunga-tunga ana ɗaukar matsayinsu da sunayensu, aka kuma ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke rubuta sawunsu. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin masu wannan aiki. Sai ga matsugunai sun bayyana waɗanda ba sa cikin jerin da ake aiki da shi. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, kuma irin waɗannan bayanai sun ci gaba a ƙarƙashin shirin GRID3, wanda ke ajiye sunayen matsugunai da asibitoci a intanet ga mai so. Abin lura ga mai sayen na'ura shi ne, bayanan karkarar Arewa mafi inganci ba daga kamfanonin mota suka fito ba. Sun fito ne daga mutanen da larura ta sa suka taka kowane lungu.

Saboda haka jarrabawar farko a cikin shago ake yin ta, kafin a ciro ko sisi. Mai saye ya karɓi na'urar a hannunsa, ya rubuta Anka. Za ta fito, domin hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Ya rubuta Gummi, da Daki Takwas, da Nasarawar Burkullu. Sannan ya sauka ƙasa: Bagega, Dareta, Abare, Gwashi, Adabka. Kada ya tsaya a ganin suna. Ya ce ta zana masa hanya daga Anka zuwa Bagega, ya buɗe hoton sosai da yatsu biyu, ya bi layin a hankali: yana bin lanƙwasar hanyar gaske, ko ya miƙe sak kamar da rula aka ja shi? An nuna inda ake tsallaka ruwa? An bambanta kwalta da burji, da burji da turbar babur? In akwai direban da ya saba da hanyar, a tafi da shi, domin shi zai gane cikin minti ɗaya ko layin gaskiya ne. Sai kuma batun rubutun suna, wanda ya fi yadda ake zato wahala. Bukkuyum tana fitowa a wasu taswirori da tsohon rubutun Bukwium, Gummi takan zama Gumi, 'Yargalma wani lokaci a haɗe wani lokaci a rabe, kuma na'urori da yawa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ga maimaituwar sunaye: Nasarawa, Sabon Gari, Tungar wane, Gidan wane, kowace ƙaramar hukuma da nata. Na'urar da za ta nuna suna ba tare da ta faɗi ƙaramar hukumar da yake ciki ba, tana iya ɗora mutum a hanyar wata jiha yana zaton ya kusa isa. Shi ya sa ya kamata ta karɓi lambobin matsayi kai tsaye, waɗanda ake iya turo wa mutum ta saƙon tes, domin lamba ba ta da takwara.

Jarrabawa ta biyu ita ce a kashe data, a cire layi in da hali, a sake yin duk abin da aka yi a sama. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don taimaka wa farmakin sojoji a kan 'yan bindiga. An dawo da shi a Gusau bayan kusan wata guda, sauran yankuna kuwa sun daɗe fiye da haka. A tsawon wannan lokaci taurari ba su daina aiko da saƙo ba ko na daƙiƙa ɗaya, amma duk wanda taswirarsa ke saukowa daga intanet yayin tafiya ya zama kamar ba shi da komai. Ko a ranakun da babu wani umarni, da an bar babban titi sabis yakan yi rauni ko ya ɓace. Google Maps yana ba da damar sauke yanki a ajiye, sai dai ajiyar tana da wa'adi, in ba a sabunta ba takan ƙare, kuma ba duk ayyukansa ke tafiya ba data ba. Manhajojin da aka gina a kan OpenStreetMap, irin su OsmAnd da Organic Maps, suna sauke taswirar gaba ɗaya cikin na'ura, bincike da zana hanya duk a ciki ake yi. Wannan bai nuna lallai taswirarsu ta fi cika a kowane ƙauye ba. A wani wuri Google ne zai fi, a wani wurin su ne. Shi ya sa na'urar da ke barin mutum ya ɗora manhaja fiye da ɗaya ta fi wadda aka kulle da taswirar kamfani guda.

Jarrabawa ta uku ce, a ganina, ta fi sauran nauyi, kuma ita ce masu shago ba sa ambata. Tunda babu taswirar da ta cika a wannan yanki, sai a duba wadda za a iya ƙara mata. Na'ura mai kyau tana rubuta sawun mota yayin tafiya, ta adana shi, ta bari a sa alama: nan mashigi ne, nan kwalbatin ya karye, nan akwai mai faci, nan ake sayar da fetur a galan. Sawun da gogaggen direba ya bari a tafiya ɗaya ya fi duk layin da aka zana daga hoton sama, domin an tabbatar mota ta bi ta wurin ta fita. Ana iya tura shi ga wani direba ta Bluetooth ko katin ajiya, ba sai da intanet ba. Da irin wannan dabara aka gina taswirar Tracks4Africa, daga sawun matafiya a kudanci da gabashin Afirka. OpenStreetMap kuwa, wadda aka fara a Ingila a 2004, kowa na iya gyara ta, kuma a 2014 MSF da ƙungiyoyin Red Cross na Birtaniya da Amurka da ƙungiyar masu taswirar agaji ta HOT suka kafa shirin Missing Maps don cike wuraren da aka bari babu zane. Mai aikin sa-kai a Turai zai iya zana layin hanya daga hoto, amma ba zai taɓa sanin sunan tungar ba, ko cewa layin burtali ne na shanu. Wannan sai ɗan ƙasa.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda direban Anka ya san hanyarsa kamar tafin hannunsa, baƙo kuma matambayi ba ya ɓata. Rabin maganar gaskiya ce: direban da ke lodi kullum daga tashar Anka ba ya buƙatar na'ura ta nuna masa Bagega. Amma ba shi kaɗai ke bin hanyar ba. Akwai ma'aikacin lafiya da aka yi wa canjin wurin aiki, da mai kai taki ko magani, da injiniyan rijiyar burtsatse, da direban da aka ɗauko daga wata jiha. Tambaya kuma ba ta da sauƙin da take da shi a da. Rikicin 'yan bindiga ya tashi garuruwa, kamar yadda aka gani a hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda mazauna yankin suka ce an kashe mutane kusan 200, dubbai kuma suka yi gudun hijira. Mutum zai iya yin tafiya mai nisa bai ga wanda zai tambaya ba. Inda ya samu mutane kuma, baƙon da ke tsayawa yana tambayar hanyar ƙauye yana iya jawo wa kansa zargin infoma, kuma ba za a ga laifin masu zargin ba, ganin abin da ya same su. Na'urar da ke rage yawan tsayawa da tambaya tana rage haɗari na gaske.

Wasu kuma tsoronsu ya juya ta ɗaya gefen: idan aka zana kowace turba, ba an sauƙaƙa wa ɓarayin daji aiki ba? Tsoron yana da dalili, amma ɗan bindigar da ya tashi a cikin dajin, yake ratsa shi bisa babur dare da rana, ba taswira yake jira ba. Waɗanda rashin taswira ke cutarwa su ne masu zuwa daga waje da taimako. Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne bambanta abin da kowa ya gani da ido, kamar hanya da gada da sunan gari, da abin da yake sirri ne. Sawun da ke nuna ranar da motar asibiti ke wucewa da ƙarfe nawa, ko gidan da ma'aikata ke kwana, ko inda ɗan kasuwa ke tsayawa da kuɗi ranar kasuwa, bai kamata ya hau intanet ba, kuma bai kamata a bar shi a buɗe cikin na'urar da za a iya ƙwacewa a hanya ba. Don haka a duba ko na'urar tana da makulli, kuma ko goge tarihin tafiya yana da sauƙi.

Ƙorafin da ya fi duka ƙarfi shi ne cewa ko taswirar da ta cika ba ta san yau ba, kuma wannan ba shi da amsar da za ta kawar da shi gaba ɗaya. Hotunan sama da ake zana hanya daga cikinsu yawanci na rani ne, domin a lokacin ne gajimare ba ya rufe ƙasa. A watan Fabrairu rafi yashi ne fari, sawun tayoyi a kansa, daga sama ba shi da maraba da hanya. A watan Agusta wuri ɗaya ne ruwa ke gudu ja wur, masu babura suna tsaye a bakin gaɓa wando a naɗe suna jira ya janye, wasu matasa kuma suna ɗaga babur a kafaɗa su tsallakar da shi a biya su. Yankin da Gulbin Ka da kogin Zamfara da rassansu suka ratsa cike yake da irin waɗannan mashigai. Na'ura kuwa tana lissafi ne da tsawon layi da gudun da aka ƙiyasta wa irinsa, sai ta zaɓi wanda ya fi gajarta, ta kuma ba da lokacin isowa da zai iya zama rabin na gaskiya. A wurin da kowa ke ƙoƙarin shiga gari kafin la'asar ta yi sanyi, kuskuren lokaci ya fi kuskuren hanya muni. Haka nan ba ta san an tare hanya da safe ba, ba ta san yau sai da rakiyar jami'an tsaro ake wucewa ba. Wannan labari yana tasha, a bakin 'yan kamasho da direbobin da suka shigo yanzu, da masu kabu-kabu, da mai gari. Abin da za a nema a na'urar shi ne ta yi biyayya ga wannan labari: ta bari a hana ta bin burji, a toshe mata wani yanki, a tilasta mata bi ta garuruwan da direba ya zaɓa, kuma idan ya kauce wa shawararta kada ta yi ta ƙoƙarin mayar da shi ta wata ɓarauniyar hanya.

Sauran abin da ya rage na ƙarfe ne, kuma ba ya buƙatar dogon zance. Zafin Maris da Afrilu a bayan gilashin mota yana kumbura batir yana kashe waya, don haka na'urar da aka dasa a jikin mota tana shan wuta daga gare ta ta fi jurewa, ko kuma a sama wa wayar mariƙi a gaban iskar na'urar sanyaya mota. A duba akwai gurbin katin ajiya, kuma ana iya karanta fuskar a tsakar rana. Allunan Android marasa suna da ake dasa wa motoci suna da arha kuma suna karɓar manhajoji, amma a tabbatar an ɗaura eriyarsu inda take ganin sama, ba a cusa ta a ƙarƙashin ƙarfe ba. Ga mafi yawan mutane, tsohuwar waya mai lafiya da aka ware don wannan aiki kaɗai, ɗauke da manhajoji biyu da taswirar Zamfara da Kebbi da Sakkwato a ciki, za ta yi abin da na'ura mai tsada ba za ta yi ba. Duk lokacin da aka shiga Gusau ko wani wuri mai sabis mai ƙarfi sai a sabunta taswirar, a kwafe sawun da aka tara zuwa wani wuri na daban, a kuma rubuta wa kowane sawu watan da aka bi shi, domin wanda za a ba shi ya san ko na rani ne ko na damina.